Zagaye na Biyu Ba na Ragwaye Ba Ne

A watan Oktoban 2025, makonni kaɗan bayan ta sake lashe zinare a gasar duniya ta Tokiyo, Femke Bol ta ƙasar Holan ta sanar da cewa ta yi sallama da tseren mita 400 na tsallake shingaye, za ta koma mita 800, wato zagaye biyu na fili. Shekararta 25. Sau biyu a jere tana zama gwarzuwar duniya a fannin, a Budapest a 2023 da Tokiyo a 2025, kuma ita ke riƙe da tarihin nahiyar Turai da daƙiƙa 50.95. Kamar sarki ne a kan karagarsa, ba wanda ya tuɓe masa rawani, ya miƙe da kansa ya ce zai tafi wani gari ya zama baƙo.

Da labarin ya iso majalisar da muke zama bayan la'asar, wani abokina da wasannin guje-guje ba sa wuce shi a talabijin bai bari an kai ƙarshe ba ya yanke hukunci: tsoro ne. Wai ta gaji da kallon ƙeyar Sydney McLaughlin-Levrone ta Amurka, wadda ta bar ta da tagulla a Olamfik na Tokiyo, ta sake barin ta da tagulla a Faris a 2024, ranar da ta kafa tarihin duniya na 50.37. Na ce masa lissafin nan bai fita ba. Ita Sydney ɗin ai a gasar duniya ta 2025 ba ta ko shiga shingaye ba, mita 400 zalla ta yi, ta ci zinare da 47.78. Fili ya zama na Bol ita kaɗai. Da tsoro ne, ai lokacin gyara zama ne ya zo mata. Mai gudun kura ba ya jira sai kura ta bar dawa sannan ya tattara kayansa.

Ni dai a ganina ta yi daidai. Amma ba don ita na ɗauki alƙalami ba. Bol tana da koci, tana da likita da mai tausa, tana da abin da za ta yi shekara biyu ana cin ta a tsere ba ta kwana da yunwa ba. Wanda ke cikin raina shi ne yaron nan namu mai gudun mita 400 a daƙiƙa 48 ko 49, wanda duk gasar da aka je shi ne na huɗu ko na biyar, shekara ta zagayo ya sake zama na huɗu, har ƙuruciya ta ƙare ya rataye takalmi, ba wanda ya taɓa kiransa gefe ya ce, ɗana, zo ka gwada zagaye biyu.

Na yi shekaru ina malamin wasanni a wata makarantar sakandare ta kwana. Filinmu na ƙasa ne, da farar ƙasa muke zana layuka idan gasar gidaje ta matso, agogon kuwa na hannu ne mai igiya da nake ratayawa a wuya. A cikin ɗaliban da suka bi ta hannuna akwai wani dogo siriri, mai dogon taku, wanda fitarsa daga wurin tashi ba ta da zafi ko kaɗan. Mita ɗari na farko kullum a baya yake. Amma idan aka shigo miƙe ta ƙarshe, lokacin da sauran suka fara ɗaga haɓa sama, kafaɗu suka sandare, shi sai ka ga kamar yanzu ya fara. Ya cinye mutum biyu, uku, layi ya ƙare masa kafin ya kama na gaba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bayan an gama. Wanda ya zo na ɗaya yana kwance a ƙasa ana yi masa fifita da riga, shi kuwa yana tsaye, hannu a ƙugu, yana tambayata lokacinsa.

Wata safiya bayan atisaye na tsayar da shi na ce ina so zangon karatu mai zuwa ya koma mita 800. Ya dube ni kamar na ce ya kwashe kayansa ya bar makaranta. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Malam, laifin me na yi?” Na ce ba laifi, gani na yi can ne rabonka yake. Ya yi shiru, can ya ce, “Malam, ai ɗari takwas na waɗanda ba su da gudu ne.”

Wannan magana ba shi ya ƙirƙiro ta ba, mu muka koya masa. Duk wanda ya taɓa halartar gasar gidaje ya san yadda muke tsara ranar. Mita 100 ake ajiyewa sai babban baƙo ya zauna, masu ganga sun ɗaura, iyaye sun cika rumfa. Mita 800 da 1500 kuwa da rana tsaka ake sallamar su, ana tsakiyar raba lemo, wani lokaci ma mai sanarwa bai san an tashi ba. Kuma wa ake turawa? Duk wanda aka gwada a ɗari da ɗari biyu bai yi abin kirki ba, sai shugaban gida ya ce, kai je ka cike mana ɗari takwas. Yaro ya taso yana ganin haka shekara shida, ta yaya ba zai ɗauka cewa hukunci ne ba?

A matakin ƙasa ma hoton bai canza ba. Duk lambobin da Najeriya ta taɓa ci a guje-guje da tsalle-tsalle a Olamfik, babu ko ɗaya a tseren da ya wuce mita 400. A zagaye ɗaya kuwa muna da tarihin da za mu bugi ƙirji da shi. Innocent Egbunike ya yi 44.17 a 1987, ya kuma ci azurfa a gasar duniya ta Rum a shekarar. Falilat Ogunkoya ta ci tagulla a Atlanta a 1996 da 49.10. Fatima Yusuf ta ci zinaren Commonwealth a 1990. A tseren miƙa sanda na 4x400 na maza mun ci tagulla a 1984, mun ci zinaren Sydney na 2000 wanda sai daga baya aka miƙo mana bayan an ƙwace na Amurka, mun sake cin tagulla a Athens a 2004 da tawagar da Musa Audu ke ciki. Ƙasar da ta fitar da waɗannan, bayan kowane ɗayansu akwai gomman matasa da suka kusa amma ba su kai ba. Ina suka tafi? Tarihin ƙasa na mita 800 da Ado Maude ya kafa a 1992 sai da ya haura shekara ashirin ba a taɓa shi ba, kuma wanda ke riƙe da shi yanzu, Edose Ibadin, a Amurka aka haife shi, a can aka horar da shi.

Idan ka tayar da wannan magana, amsar da za a ba ka a shirye take: ai wannan na 'yan Kenya ne, tsaunuka gare su, huhunsu daban. A gudun dogon zango akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin garin Iten da suke atisaye yana kan tudun da ya kai kusan mita 2,400. Amma a duba ta wace ƙofa manyan gwanayensu na mita 800 suka shigo. Paul Ereng ɗan mita 400 ne har ƙarshen 1987. Da ya je Jami'ar Virginia a Amurka aka mayar da shi 800, kuma a cikin shekarar 1988 ɗin ya ci gasar jami'o'in Amurka, ya kutsa cikin tawagar Kenya da ƙyar a matsayi na uku, ya je Olamfik na Seoul ya taso daga baya ya wuce Joaquim Cruz na Brazil mai riƙe da kambun da Said Aouita na Maroko, ya ɗauki zinare da 1:43.45. Billy Konchellah, zakaran duniya a 1987 da 1991, daga 400 ya fito. David Rudisha ɗa ne ga Daniel Rudisha da ya ci azurfa a 4x400 a Mexico a 1968, shi ma da gajeren zango ya fara kafin Colm O'Connell, malamin mishan ɗan ƙasar Ailan da ya daɗe yana horar da yara a Iten, ya ce ya gwada zagaye biyu. Emmanuel Korir da ya ci zinaren Olamfik na Tokiyo yana da 44.21 a mita 400, lokacin da ko Egbunike sai da ƙyar ya fi shi, kuma wanda ya horar da shi a El Paso ta Amurka shi ne Ereng ɗin dai. Mary Moraa azurfa ta ci a mita 400 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 18 a Nairobi a 2017, sai ga ta gwarzuwar duniya a 800 a Budapest a 2023. Waɗannan duk masu gudu ne na gaske, waɗanda aka samu wani mai ido ya ce musu su ƙara zagaye ɗaya.

Dalilin da ya sa abin ke yiwuwa lissafi ne da ko ɗan firamare zai gane. Ranar 9 ga Agustan 2012 a Olamfik na Landan, Rudisha ya yi zagayen farko a 49.28, ya yi na biyu a 51.63, ya tsaya a 1:40.91, tarihin duniya, kuma shi ya ja tseren tun daga tashi har ƙarshe. To a ce mutum biyu za su bi zagayen farko a daƙiƙa 52. Na ɗaya iyakar ƙarfinsa a zagaye guda 50 ne, na biyu kuwa yana iya 46. Na farkon ya kusa zazzage aljihunsa tun kafin a kaɗa ƙararrawar zagaye na ƙarshe. Na biyun kuwa yana da rarar daƙiƙa shida a ajiye, gudun bai kai masa wuya ba, kafaɗunsa a sake. Wannan rarar ita ce jarin da ɗan gajeren zango ke shigowa da shi kasuwa, kuma jari ne da ba a cika samunsa da atisaye ba. Juriya ana gina ta a hankali, kamar yadda ake ɗora tubali. Zafin ƙafa kuwa mafi yawansa baiwa ce, koci sai dai ya wasa abin da ya tarar. Bol ta yi 49.17 a mita 400 na cikin ɗaki a Glasgow a 2024, tarihin duniya, alhali manyan tseren mata na 800 sukan bi zagayen farko ne a tsakanin 55 da 58. Ka ga irin rarar da take tafe da ita.

Sai dai a nan ne masu zumuɗi ke yaudarar kansu, har da ni a wancan lokaci. Mita 800 ba 400 biyu ba ce da aka ɗinke. Wasu masu bincike a Ostareliya, Spencer da Gastin, sun auna ƙwararrun 'yan tsere a 2001 don su ga kashi nawa na ƙarfin da jiki ke ƙonawa yake fitowa ta hanyar iskar da ake shaƙa. A mita 200 kashi 29 cikin ɗari suka samu, a 400 kashi 43, a 800 kashi 66, a 1500 kashi 84. Wato tsakanin zagaye ɗaya da zagaye biyu ne ma'aunin ke rinjaya. A 400 mutum bashi yake ci a jikinsa ya biya bayan ya tsallake layi. A 800 mai bashin a hanya yake tare ka, tun da sauran tafiya.

Na ga haka da idona ranar da ɗalibin nan nawa ya yarda ya gwada, bayan makonni ina lallashi. Na ce masa ya bi zagayen farko a hankali, ya nemi 58. Aka busa usur, jininsa na ɗan ɗari huɗu ya motsa, ya fita kamar an saki doki ranar sukuwa. Da ya wuce ni na duba agogo, 53. 'Yan gidansu suna ta ihu, ni kuwa gabana ya faɗi. Ya riƙe har kwanar farko ta zagaye na biyu. Daga wajen mita 550 sai takun nan mai kyau ya fara gajarta, hannaye suka fara iyo a iska, kai ya koma baya, kamar an ɗora masa buhun siminti a wuya. Wani ƙaramin yaro ɗan aji huɗu, wanda a ɗari huɗu ko ƙurarsa ba zai gani ba, ya zo ya wuce shi salin-alin a miƙe ta ƙarshe. Ya ƙarasa da 2:09, ya durƙusa a bakin fili ya yi ta amai. Da na je kansa da ruwa bai ɗago ba, ya ce, “Malam, na gaya maka.” Na ce, ɗana, ba abin da ka gaya mini. Ka ce na marasa gudu ne, ga shi kai mai gudu ya kayar da kai.

Abin da ke jiran duk mai wannan ƙaura ke nan, kuma gara a gaya masa tun kafin ya ɗaura ɗamara. Ɗan gajeren zango ya saba da atisayen minti kaɗan mai zafi, da hutu mai tsawo a tsakani, yana zaune a ciyawa ana hira. Yanzu za a ce ya fita bayan sallar asuba ya yi minti arba'in ko hamsin yana sassarfa a hanya, ba 'yan kallo, ba agogon da zai faranta masa rai. Za a ce ya yi mita 1000 sau biyar da hutun minti biyu. Watannin farko zai ji ƙafarsa ta yi nauyi, ya gwada ɗari biyu ya ga lokacinsa ya ja baya, ya tsorata ya ce an kashe masa gudu. Ƙashin ƙwauri zai yi ciwo, domin jikin da aka gina don fashewa bai saba da dukan ƙasa na kilomitoci ba, kuma wanda ya yi gaggawar ƙara nisa shi ke ƙarewa da tsagewar ƙashi. Gwanintar koci a nan ita ce ya ƙara juriya ba tare da ya kashe zafin ƙafar da aka zo da shi ba. In ya mayar da yaron ɗan gudun famfalaki, to an yi ba a yi ba, an sayar da jari an sayi kwando.

Ga kuma abin da ba a auna shi da agogo. A mita 400 kowa da layinsa daga tashi har ƙarshe, ba mai taɓa ka, kai da numfashinka ne. A 800 a tsaye ake tashi, ba abin dafa ƙafa, kuma kwanar farko kawai ake bi a layi. Daga nan kowa ya faɗo ciki, mutum takwas suna neman wuri guda. Akwai gwiwar hannu, akwai ƙusoshin takalmi a agara, akwai a rufe ka a jikin layin ciki kana da ƙarfi amma ba ƙofar fita. In ka ce za ka bi ta waje kuwa, kowace kwana ka ƙara wa kanka mitoci. Athing Mu, 'yar Amurka da iyayenta suka fito daga Sudan ta Kudu, ta ci zinaren mita 800 a Olamfik na Tokiyo tana da shekara 19 da 1:55.21, ga ta kuma da 49.57 a mita 400. Amma a gasar tace 'yan wasan Amurka a Yunin 2024 ta harɗe a cikin cunkoso a zagayen farko ta faɗi, shi ke nan, ba ta je Faris ta kare kambunta ba. Idan haka ta faru da mai zinare, sabon shiga sai ya sa a ransa cewa zai sha kaye a hannun waɗanda ya fi gudu har sai ya koyi karatun tsere.

Ba kuma kowa nake kira ba. Ɗan mita 100 na asali, mai cinya kamar turmi, wanda ɗari uku ma ke fitar masa da rai, a bar shi inda Allah ya ajiye shi. Kocin Usain Bolt, Glen Mills, ya so ya tura shi mita 400, shi kuwa ya nace sai ɗari. Suka yi sharaɗi cewa in ya karya tarihin Jamaika na mita 200 za a bar shi ya gwada. Ya karya a 2007 da 19.75, bayan shekara biyu ya yi 9.58 a Berlin. Fred Kerley na Amurka yana da 43.64 a mita 400, ya sauko ɗari, ya ci azurfa a Olamfik na Tokiyo ya zama zakaran duniya a 2022. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wanda nake nufi alamominsa a bayyane suke ga mai lura: tashinsa sanyi-sanyi, ƙarshensa da ƙarfi, yana farfaɗowa da wuri tsakanin gudu da gudu, ranar da aka fita zagayen gari da 'yan ƙwallo ba ya ƙorafi, kuma lokacinsa a 400 ya tsaya wuri ɗaya kaka biyu ko uku duk da yana atisaye da gaske. Wannan yaro ba ya bukatar ƙarin wa'azin dagewa. Tserensa ne bai kai tsawonsa ba.

Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma laifina ne. Kafin wannan ɗalibi an yi wani mai irin siffarsa, har ya fi shi. Na ga alamomin sarai, na yi shiru. Dalili kuwa shi ne shi ke riƙe mana ƙafa ta uku a 4x400, kuma da shi muke cin kofin shiyya. In na mayar da shi 800, shekara guda zan yi ba shi a nan ba shi a can, shugaban makaranta ya tambaye ni ina kofi. Na zaɓi kofi. Ya gama makaranta yana ɗan 49, ya je gwajin jiha sau biyu bai tsallake zagayen share fage ba, ya bar gudu. Mun haɗu bayan shekaru a tasha, ya durƙusa ya gaishe ni da fara'a, yana ta godiya. Ni na san abin da na hana shi. Kuma na san ba ni kaɗai ba ne, domin tsarin gasanninmu kusan duk haka yake, daga na makarantu har Gasar Wasanni ta Ƙasa: lambar bana ake tambayar koci, ba wanda ke tambayarsa ɗan wasan da zai nuna nan da shekara uku.

Shekara ukun nan kuwa ba a tsallake su. Ereng da ya yi a shekara guda tsuntsu ne da ba a cika gani ba. Moraa ta je Tokiyo a 2021 ta tsaya a wasan kusa da na ƙarshe, a 2022 ta ci tagullar duniya da zinaren Commonwealth a Birmingham, sai a 2023 ta hau sama. Wa zai riƙe yaronmu a wannan tsakani? Nisan da zai riƙa yi ya ninka, abincin da jikinsa ke nema ya ƙaru, takalmi na saurin cinyewa. Zazzaɓin cizon sauro guda ɗaya yana iya rage masa jini ya rushe aikin wata biyu, 'yan mata kuwa ƙarancin jini ya fi kama su, a ga yarinya tana haki a ce lalaci ne alhali gwajin jini take bukata. Ga zafin watan Afrilu da ba ya barin atisaye sai da asuba, ga azumi da dole koci ya san yadda zai tsara mako a cikinsa. Abin da nake roƙon hukumomin wasanni na jihohi ba mai tsada ba ne. A sa tseren mita 600 a gasannin yara, shi ne gadar da ke nuna wa zai iya haurawa. A daina yanke alawus ɗin ɗan wasan da ya canza fanni don bai kawo lamba a shekarar farko ba. Masu neman tudu kuma ga Jos da Pankshin, ga Mambila, ba sai an nemi biza ba.

Wani zai ce to me zai hana a riƙe biyun? Alberto Juantorena na Kyuba, wanda ake wa laƙabi da Doki, ya ci 800 da tarihin duniya na 1:43.50 a Montreal a 1976, bayan 'yan kwanaki ya ci 400 da 44.26. Tun daga lokacin, ba namijin da ya sake haɗa su a Olamfik. Jarmila Kratochvílová ta Chekoslobakiya ta haɗa su a gasar duniya ta Helsinki a 1983, kuma 1:53.28 da ta yi a Munich a shekarar ya haura shekara arba'in a matsayin tarihin duniya, ko da yake ba a daina ɗaga gira kan wasannin gabashin Turai na wancan zamani ba, ita dai ba a taɓa kama ta da laifi ba. Ga sauran bayin Allah, taura biyu ba ta taunuwa. Ɗari huɗu za ta iya zama wurin wasa wuƙa, a shiga lokaci-lokaci, a taimaka a miƙa sanda. Amma zuciya sai ta tare a gida ɗaya, domin wanda ya bar ƙofar baya a buɗe, ranar da ya yi amai a bakin fili ta nan zai fice.

Shi ya sa yadda Bol ta yi abin ya burge ni fiye da abin kansa. Ba ta ce za ta ɗan taɓa ta gani ba, cewa ta yi ta bar shingaye, kuma ta yi hakan da sauran kusan shekara uku kafin Olamfik na Los Angeles na 2028. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gidan da ta shiga kuwa cike yake da manya. Keely Hodgkinson ta Birtaniya ke riƙe da zinaren Faris, ta yi 1:54.61 a 2024. Lilian Odira ta Kenya ta ci gasar duniya ta 2025 da 1:54.62. Ga Moraa, ga Georgia Hunter Bell. Tana iya yin komai daidai ta ƙare ba ta hau mumbari ba, kuma ko hakan ta faru ba zan janye maganata ba. Wadda ta faɗi ƙasa saura 'yan taku ta kai layi a tseren miƙa sanda a daren farko na Budapest, ta tashi ta ci zinare biyu kafin a rufe gasar, ta san abin da ake kira kunya a gaban duniya, ta kuma san ana tashi. Idan ina kallon tserenta, ba agogon ƙarshe zan fara dubawa ba. Idona yana kan miƙen baya na zagaye na biyu, tsakanin mita 500 da 600, in ga ko kafaɗunta a sake suke.

Ɗalibina kuwa bai fice ta ƙofar baya ba, ko da yake sai da ya yi mako biyu yana kauce mini a hanyar aji. Ranar wata Asabar bayan asuba na fito da kekena na tarar da shi a bakin ƙofar makaranta yana ɗaure igiyar takalmi. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Na hau keke ya biyo ni, muka bi hanyar gonaki, hazo bai gama washewa ba. Muka yi haka damina da rani. A shekararsa ta ƙarshe, a gasar shiyya, ya wuce ni a ƙararrawa na duba agogo, 58, yana na uku, a kafaɗar na biyu, bai bari an rufe shi ba. Ya jira har saura mita 150 sannan ya buɗe takun nan nasa. Na danna agogo a 1:57. Ya tako inda nake, hannu a ƙugu, yana haki sosai wannan karon, ya ce, “Malam, nawa na yi zagayen farko?”